Wane bakin teku ne ya fi kyau a tsibirin Kubrus ga mai zuwa da iyali?

Baban 'Yan Biyu, Tudun Wada:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa ga jama'ar wannan zaure, manya da yara, da fatan kowa ya tashi lafiya tare da iyalinsa.

Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa zama ko suka taɓa ziyartar tsibirin Kubrus da ke cikin Bahar Rum. Babban ɗana yana karatu a garin Famagusta, kuma in Allah ya kai mu ƙarshen watan Yuni za a yi bikin yaye su. Mun yi niyyar halarta, ni da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, tagwaye masu shekara 11, kuma kwana 9 za mu yi a can. Bikin na yini ɗaya ne, sauran kwanakin kuwa babban burina shi ne in kai iyalina su ga teku da idonsu. Na haura shekara 50 a duniya, amma ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne kogin Kaduna a tsakiyar damina, teku kuwa sau ɗaya na hange shi ta tagar jirgi lokacin da muke shirin sauka Jidda. Mahaifiyarsu da yaran ba su san ruwan da ya wuce Galma da Kubanni ba.

Na ga hotunan wasu wurare a intanet, irin su Nissi da Fig Tree da Konnos, ruwa garai-garai har ana hangen yashin ƙasa, sai dai hoto ba ya faɗa wa mutum irin jama'ar da zai tarar ko irin hayaniyar wurin. Abin da nake so in sani shi ne wane bakin teku ne ya fi kyau a tsibirin, wanda kuma magidanci zai iya zama da matarsa da 'ya'yansa mata ba tare da ya riƙa sunkuyar da kai ba. Babu wanda ya iya iyo a cikinmu, saboda haka maganar zurfin ruwa da ƙarfin igiya tana da muhimmanci a wurina. Na tambayi yaron, ya ce bai san ko'ina ba sai gaɓar da ke kusa da makarantarsu, kuma ban ga laifinsa ba tun da karatu na tura shi. Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Ɗan Samaru:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Na yi shekara 4 a Famagusta, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa.

Kafin a zo maganar kyau dole a fara da maganar iyaka, domin ita ce za ta yanke muku inda za ku iya takawa. Tun shekarar 1974 tsibirin a rabe yake gida biyu, bayan juyin mulkin da gwamnatin sojan Girka ta mara wa baya, wanda ya sa Turkiyya ta shigo da dakarunta a watan Yulin wannan shekarar. Kudu ita ce Jamhuriyar Kubrus, mafi yawan mutanenta Girkawa ne, tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, kuma yuro ake kashewa a can. Arewa ta Turkawa ce, sun ayyana kansu ƙasa a 1983, Turkiyya kaɗai ta amince da su, kuma lirar Turkiyya ce kuɗinsu. Famagusta a arewa take, saboda haka ku za ku sauka ne a filin jirgin saman Ercan na arewa bayan kun ya da zango a Turkiyya, gwamnatin kudu kuwa ba ta ɗauki wannan fili a matsayin halastacciyar mashiga ba, don haka mai fasfon Najeriya da ya shigo ta nan kada ya sa ran za a bar shi ya tsallaka kudu. Duk wurare ukun da kuka ambata a kudu suke. Daga Famagusta zuwa Fig Tree bai fi tafiyar birnin Zariya zuwa Shika ba, amma har na gama karatu na dawo ban taɓa sa ƙafata a can ba.

Kada wannan ya sanyaya muku gwiwa, domin a ganina irin bakin tekun da kuke nema a arewa yake. Na kusa da ku su ne Glapsides da Silver Beach, waɗanda ke arewa da gari a kan hanyar kangon tsohon birnin Salamis. Yashinsu laushi ne, kuma ƙasan ruwan a hankali yake gangarawa, ta yadda babban mutum zai yi tafiya mai ɗan nisa a ciki ruwa bai wuce ƙugunsa ba. Shi kansa Salamis ya cancanci a ba shi safiya guda, saboda har yanzu ginshiƙan marmara na zamanin Rumawa suna tsaye, ga dandalin kallo mai matattakala a zagaye, kuma daga cikin kangon mutum zai gangara kai tsaye zuwa bakin ruwa. Girgizar ƙasa ce ta rusa birnin a ƙarni na 4, aka sake gina shi, sannan aka watse aka bar shi bayan yaƙe-yaƙen ƙarni na 7.

Amma idan aka ce in zaɓi wuri ɗaya tak, to Altinkum zan zaɓa, wanda ma'anar sunansa da Turkanci ita ce yashin zinariya. Yana can ƙarshen Karpaz, wato zirin ƙasar nan mai kama da wutsiya da ya miƙe daga tsibirin zuwa arewa maso gabas. Tafiyar kusan awa biyu ce a mota daga Famagusta, kuma bayan an wuce ƙauyen Dipkarpaz hanyar takan tsuke, gidaje su ƙare, sai ciyayi da duwatsu. Can sai a hau wani tudu, kwatsam gaɓar ta bayyana a ƙasa: yashi ja-ja shimfiɗe na tsawon kilomitoci, jigayi a bayansa, ruwan kuma launi biyu, kore-kore a kusa da baki, shuɗi mai duhu daga can ciki. Babu dogayen otal-otal, babu kiɗa, babu masu talla. Ranar da na fara zuwa mu biyar ne, muka yi tafiyar rabin awa a kan yashin ba mu haɗu da kowa ba, wurin tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, in ban da ƙarar igiya. Ko a lokacin da baƙi suka yi yawa, faɗin wurin ya isa kowane iyali su sami sararinsu nesa da idon jama'a.

Tagwaye za su ji daɗin hanyar saboda jakunan jeji da ke tare motoci suna leƙo kai ta taga. Asalinsu jakunan manoma ne da aka saki bayan yaƙin 1974 da kuma bayan da tarakta ta karɓe aikinsu, suka hayayyafa a daji. Ku riƙe musu karas. Gaba kaɗan da Altinkum akwai tsohon gidan ibadar Kirista na Apostolos Andreas a kan dutse a bakin ruwa, daga nan kuma sai ƙarshen tsibirin. Ku cika tankin mota, ku ɗauki ruwan sha da abinci da laima, domin shaguna sun yi ƙaranci bayan Dipkarpaz. Ku kuma tuna cewa ta hannun hagu ake tuƙi, irin yadda ake yi a Najeriya kafin 1972, gadon Turawan Ingila ne waɗanda suka ba tsibirin 'yanci a 1960, shekarar da muka sami namu. Idan ba ku saba ba, gara ku ɗauki direba na yini guda.

Malami daga Kongo:

Alhaji, barka da arziki, Allah ya sa ilmin ya amfane shi ya amfani al'umma. Abin da Ɗan Samaru ya faɗa game da iyaka gaskiya ne. Ni ta ɗaya ɓangaren na shiga, domin taron ƙara wa juna sani ya kai ni Larnaka, da bizar Jamhuriyar Kubrus, kuma na ƙara kwanaki na zaga kudu. Zan bayyana wuraren da kuka gani a hoto don ku san abin da kuka rasa da abin da ba ku rasa ba, wataƙila kuma wani mai karatu ta can zai bi.

Nissi yana garin Ayia Napa, kuma ba za a yi musun kyansa ba: farin yashi, ruwa marar zurfi, ga wani ɗan tsibiri a gaba wanda ake takawa a ƙafa ta kan yashi a isa. Amma a lokacin zafi matattarar matasan Turai ce, kiɗa tun hantsi har dare, ga shaye-shaye, ga shigar da ba za ku so 'ya'yanku su gani ba. Ban yi minti 20 ba na bar wurin, kuma ba zan ba magidanci shawarar kai iyalinsa can a watan Yuni ko Yuli ba. Fig Tree da ke Protaras ya fi natsuwa, masu iyali ne suka fi zuwa, sai dai cunkoson gadajen kishingiɗa da laimomi ya sa da wuya a ga yashin kansa da rana.

Wanda ya zauna mini a rai shi ne Konnos. Ƙaramar gaɓa ce a lungu tsakanin garuruwan biyu, a gefen gandun dajin Cape Greco, ana gangara mata ta wata karkatacciyar hanya cikin itatuwa, kuma da yake duwatsu sun kare ta daga iska, ruwanta a kwance yake kamar na cikin randa. Daga saman tudun mutum yana ganin inuwar kwale-kwale a kan yashin ƙasan ruwa. Kusa da nan akwai kogwanni da igiyar ruwa ta ƙwaƙule a jikin farin dutse. A nan zan ɗan saɓa wa Ɗan Samaru, domin ni a wurina kyan bakin teku yana cikin haɗuwar dutse da itace da ruwa, ba faɗin yashi kaɗai ba. A yammacin tsibirin, tsakanin Limasol da Fafos, akwai Petra tou Romiou, inda manyan duwatsu suka tsaya a cikin ruwa, wanda tatsuniyar Girkawan dā ta ce nan aka haifi gunkiyarsu Afrodayit. Wurin kallo ne da faɗuwar rana, ba wurin shiga ruwa ba, saboda tsakuwa ce a ƙasa kuma igiyarsa tana da ƙarfi. Can gaba da Fafos, a yankin Akamas, akwai Lara, wadda ta fi ko'ina kama da Altinkum a yadda aka bayyana shi, amma hanyarta sai mota mai ƙarfi.

Duk da haka, abin da ya fi taɓa zuciyata a kudu ba a kan yashi yake ba. A bakin tafkin gishiri na Larnaka, dab da filin jirgin sama, akwai masallacin Hala Sultan, inda kabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan yake, matar Ubada bin Samit, 'yar'uwar mahaifiyar Anas bin Malik, Allah ya ƙara musu yarda. Ita ce wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba labarin mafarkinsa na wasu daga al'ummarsa da za su hau teku don yaƙi, ta roƙe shi ya yi mata addu'ar kasancewa cikinsu. Ta fita tare da rundunar Mu'awiya a zamanin halifancin Usman, wajen shekara ta 28 bayan Hijira, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Ginin da ke wurin yanzu na zamanin daular Usmaniyya ne, kewaye da itatuwan dabino. Da sanyin hunturu tsuntsayen filamingo masu dogayen ƙafafu kan cika tafkin, da zafi kuwa yakan ƙafe ya koma farin fili na gishiri. Na tsaya a nan ina kallon tekun da waɗancan bayin Allah suka ƙetare a jiragen katako, na daɗe ban iya magana ba.

Abu biyu zan ƙara. Mai zuwa kudu ya riƙa tambaya kafin ya ci gasasshen nama, domin naman alade yana da yawa a girkinsu, kifi da gasasshen cukun da ake kira halumi sun fi kwanciyar hankali. A arewa wannan damuwar ba ta kai haka ba. Na biyu, Alhaji, a Kubrus alƙibla ba gabas take ba kamar yadda muka saba a Zariya, kudu ce da ɗan karkata gabas, saboda haka kada ku bi mafitar rana idan sallah ta same ku a bakin ruwa.

Hajiyar Sabon Gari:

Alhaji, ina taya ku murna, ku kuma gaishe mini da Maman 'Yan Biyu. Bara muka je irin wannan biki na 'yata, muka sauka a garin Girne da ke gaɓar arewacin tsibirin, kuma tun da mazan sun yi maganar wurare, ni zan yi maganar lokaci da sutura da tsaron yara, domin su ne suka fi damun uwa.

Babu bakin tekun da za ku je da tsakar rana a watan Yuni ba ku ga masu wanka da ɗan kamfai ba, a arewa ne ko a kudu, kuma gara ku san haka tun daga gida. Mu ma ranar farko mun biya kuɗin shiga gaɓar wani otal, muka tarar da kiɗa da irin wannan shiga, ko zama ba mu yi ba muka juya. Daga baya muka gane cewa maganin abin shi ne sammako. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa wajen ƙarfe biyar da rabi, ba ta faɗuwa sai wajen takwas na dare, kuma masu yawon buɗe ido ba sa fitowa sai hantsi ya ɗaga. Idan kuka yi sallar asuba kuka ɗan jira gari ya waye kuka fita, za ku sami awa uku cur wurin naku ne, sai tsofaffi ɗaiɗaiku masu motsa jiki. Ku da za ku zauna a Famagusta kun fi mu sa'a, saboda gaɓarku gabas take kallo, za ku ga rana tana ɓullowa daga cikin ruwa, ja kamar garwashi. Sammakon kuma yana kare ku daga zafi. Lokacin da mu nan muke tsakiyar damina su can ko ɗigon ruwan sama ba a yi, sai da hunturu suke samun nasu, kuma da azahar yashin yakan yi zafin da yaro ba zai iya taka shi ba takalmi ba.

Game da Altinkum, na je, kuma na yarda babu inda ya kai shi kyau a cikin wuraren da na gani. Amma ina roƙon ku da ku je kallo da zama da cin abinci, kada ku shiga ruwan fiye da idon sawu. Buɗaɗɗen teku ne, ban ga ma'aikacin ceto ko ɗaya ba a ranar da muka je, kuma asibiti yana da nisa. Ni kaina na tsaya ruwa bai kai gwiwata ba, igiya ta zo ta koma, na ji tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafata, zani da hijabi suka jiƙe suka yi nauyi, na faɗi zaune, sai da 'yata da maigida suka ɗaga ni. Tun daga ranar na san cewa sutura mai yalwa, wadda ita ce mutuncinmu a tudu, a cikin ruwa tana iya zama sanadin halaka. Idan yaran za su shiga, a saya musu kayan wanka masu rufe jiki duka, waɗanda ba sa shan ruwa, ana samunsu a shagunan Turkawa, a sa musu rigar da ke hana nutsewa, a kai su Glapsides ko wata gaɓar da hukumar gari ke kula da ita. Idan kuka ga an kafa jar tuta, ma'anarta kada kowa ya shiga. Kada kuma a bar su su hau balan-balan ɗin nan mai kama da katifa, domin iska tana iya jan sa zuwa ciki cikin ɗan lokaci.

Wurin da zan ƙara muku shi ne Alagadi, gabas da Girne. Daga Famagusta zuwa Girne kamar tafiyar Zariya zuwa Kaduna ce. Gaɓa biyu ce a jere, ba gine-gine, duwatsun Beshparmak masu kama da yatsu biyar suna bayanta, kuma nan ne manyan kunkurun teku iri biyu suke fitowa yin ƙwai. Uwar takan fito cikin dare ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai da kan kai ɗari, ta rufe ta koma ruwa, bayan kusan wata biyu 'ya'yan su fasa su rarrafa zuwa teku. Masu kula da su sun faɗa mana cewa zafin yashin ne yake sa a sami mace ko namiji, idan ya yi yawa mata sun fi yawa. Suna ɗora kejin waya a kan kowane rami don kare shi daga karnuka da yanyawa, kuma ana rufe gaɓar da dare a wannan lokaci, sai wanda ya yi rajista da ƙungiyar da ke kare su ake tafiya da shi kallo, ba fitila ba hayaniya. Ƙarshen Yuni lokacin yin ƙwai ne, saboda haka ku sa yaronku ya nema muku gurbi tun yanzu. Mun zauna a duhu har wajen sha biyun dare kafin ɗaya ta fito, girmanta ya kai faifan babbar tukunyar biki, kuma har yau autana bai daina ba da labarin ba.

Baban 'Yan Biyu, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na karanta wa mahaifiyarsu duk abin da kuka rubuta, kuma maganar Hajiya a kan sutura da igiya ta shige ta sosai. Mun tsayar da shawarar yin sammako zuwa Glapsides da Salamis a kwanakin farko, mu ware yini guda don Karpaz tare da direba, sannan mu kwana ɗaya a Girne saboda Alagadi. Ba zan ɓoye muku ba, bayanin Malam a kan kabarin Ummu Haram ya sa na ji ciwon wannan iyaka fiye da yadda rashin ganin Konnos ya dame ni. In Allah ya ba da rai da hali, zan nemi bizar kudu in yi wannan tafiya daban.

Saura tambaya ɗaya. Yaron ya ambaci wata unguwa a gefen Famagusta da ya ce babu kowa a cikinta, amma tana da bakin teku mai kyau. Shin wuri ne da ya dace a kai yara, kuma ana barin baƙi su shiga?

Ɗan Samaru:

Baba, Varosha yake nufi, wadda Turkawa ke kira Marash. Kafin 1974 ita ce babbar matattarar masu hutu a duk tsibirin, dogayen otal-otal jere a bakin ruwa. A watan Agustan wannan shekarar mazaunanta Girkawa suka gudu suka bar komai, da zaton za su dawo cikin 'yan kwanaki, sojoji suka kewaye ta da waya, ta zauna a rufe shekara 46. A 1984 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 550, wanda ya ce ba a yarda wasu su zauna a cikinta ba in ba masu ita ba. A watan Oktoban 2020 hukumomin arewa suka buɗe wani sashe ga masu ziyara, matakin da kudu ta yi tir da shi. Yanzu ana shiga da rana, a ƙafa ko a keken haya, a bi titunan da aka gyara har zuwa bakin ruwa, amma ba a shiga gine-ginen saboda suna iya ruftawa, kuma ba a ɗaukar hoton wuraren sojoji.

Yashinta yana cikin mafi laushi da na taɓa takawa, ruwan kuma ba shi da zurfi a baki. Sai dai ni ban taɓa iya sakewa a can ba. Mutum yana zaune ruwa mai kyau a gabansa, a bayansa kuma benaye ne ba ƙofa ba taga, itatuwa sun tsiro a cikin ɗakuna, allunan shaguna suna nan da rubutunsu, kuma ya san masu gidajen da yawa suna raye a kudu, suna hango su daga nesa. Ku kai yaran, ku yi musu bayanin abin da yaƙi yake yi wa gari. Idan ranar Juma'a ce, daga nan ku wuce cikin ganuwar tsohon gari ku yi sallah a masallacin Lala Mustafa Pasha, wanda asalinsa babbar majami'a ce da aka fara ginawa a 1298, aka mayar da ita masallaci bayan da Usmaniyawa suka ci garin a 1571. Akwai wani tsohon ɓaure a ƙofarsa da ake cewa sa'an ginin ne, inuwarsa ta isa ku huta kafin a tayar da sallah.

Hajiya, na karɓi gyaranki a kan shiga ruwa a Altinkum. Mu da muka je samari ne kuma mun iya iyo, shi ya sa hankalina bai kai nan ba.

Hajiyar Sabon Gari:

Ba komai, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Alhaji, tun da Larnaka ba za ta yiwu a wannan karon ba, akwai wani wuri a kan hanyarku ta Alagadi da zai ɗan rage muku zafin rashin. Kusa da ƙauyen Chatalkoy, gabas kaɗan da Girne, akwai wani ƙaramin farin masallaci da ake kira Hazreti Omer, an gina shi a kan baƙin dutse dab da ruwa, har igiya tana fantsamo wa bangonsa idan iska ta taso. A ciki akwai kaburbura bakwai waɗanda mutanen wurin suke cewa na mayaƙan Musulmi ne na farkon zamani, kuma Umar ɗin da aka sa wa wurin sunansa shugaban rundunar ne, ba Halifa Umar ba. Ba wurin wanka ba ne, saboda haka ba za ku ga abin da zai sa ku kawar da kai ba, sai masu ziyara da masu kamun kifi da ƙugiya. Mun isa da la'asar, muka yi sallah, muka shimfiɗa darduma a kan dutsen muka sha shayi har rana ta yi ƙasa. Ku sa wa tagwaye takalmi mai rufi a ranar, domin dutsen yana da kaifi kuma inda ruwa ya taɓa yana da santsi.